CIWON SUKARI DA GIGIN TSUFA

Lacca domin Hakimai, Dagatai da Magatakardansu a Ƙasar Rano da Kibiya

 

Wanda ya ji kan wannan lacca zai zaci magana ce ta likitoci kaɗai, babu ruwan sarauta da ita. To, ba haka ba ne. Magana ce da ta shafi gona da gado da shaida, watau abubuwan da ke kai talakawa ƙofar hakimi kowace safiya. Ciwon sukari, wanda jama'a suka fi kira ciwon suga, in ya daɗe a jikin mutum ba a kula da shi ba, yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ya gaggauta ruɗewar nan da ake ce wa gigin tsufa. Akwai kuwa abin da shugaba zai iya yi tun ba a kai ga haka ba.

DATTIJO SHI NE LITTAFIN ƘAUYE

A Unguwar Gai, da sauran garuruwan ƙasar Kibiya kamar Tarai da Fammar da Durba, haka nan a Rurum da Saji cikin ƙasar Rano, yawancin abin da zaman jama'a ya dogara a kansa ba a rubuce yake ba. Inda iyakar gona ta tsaya, wace gona aka ba da aro, wace aka jinginar, wace aka sayar ɗungum, ta ina burtali ya bi tun zamanin kakanni, wa ya sha nono da wa har aure ya haramta tsakaninsu, duk a cikin kawunan tsofaffi suke ajiye. In gardama ta tashi, dagaci yakan aika a kirawo dattijo, abin da ya faɗa kuwa galibi shi ke raba ta.

A ɗauki misali. Ga dattijo mai shekara 70, wanda kowa ya san shi da gaskiya, a gabansa aka raba gonar maƙwabcinsa shekara 30 da suka wuce. Shekara 12 ke nan da aka gaya masa a asibiti yana da sukari. In ya sami kuɗi ya sayi magani, in bai samu ba ya bari. Yau jikokin maƙwabcin nan sun yi faɗa a kan iyaka, aka kira shi. Da hantsi ya ce iyaka ta tsaya a gindin tsamiya. Da la'asar aka sāke tambayarsa, ya ce a bakin kwari take, har ya rantse bai taɓa ambaton tsamiya ba. Waɗannan suka ce an saye shi, waɗancan suka ce an yi masa asiri. Alhali kuwa ba ko ɗaya. Bawan Allah ba shi da lafiya ne, ciwo ya daɗe yana cinsa ba wanda ya lura. Ga mutuncin dattijo ya zube, ga zumunta ta ɓaci, ga maganar da dā za a kashe a zaure ta tafi gaban alƙali.

MENE NE CIWON SUKARI?

Tuwon dawa ko na masara, shinkafa, fura, rogo, burodi, duk in an ci su, ciki yakan narkar da su su zama wani irin sukari, ya shiga jini. Wannan sukari shi ne makamashin jiki, kamar itace ga murhu. Amma ba ya iya fita daga jini ya shiga tsoka sai da taimakon wani sinadari da ake kira insulin, wanda wata doguwar tsoka da ke kwance a bayan tumbi take yi. In insulin ya yi ƙaranci, ko kuwa jiki ya daina amsa masa, sai sukari ya taru cikin jini. Wannan shi ne ciwon.

Manyan irinsa biyu ne. Na fari ya fi kama yara da samari, jikinsu ya daina yin insulin, tilas su rayu da allura. Na biyu shi ya fi kama manya, kuma cikin masu ciwon 10, wajen 9 shi ke gare su. Alamominsa su ne yawan fitsari, musamman da dare, da ƙishirwa marar yankewa, da rama ba dalili, da kasala, da gani dishi-dishi, da miki mai ƙin warkewa, da jin tafin ƙafa ya mutu ko yana zafi kamar an taka garwashi. Waɗansu sukan lura kiyashi na taruwa inda suka yi fitsari. Amma babban haɗarinsa shi ne yakan yi shekaru a ɓoye, ba alama ko ɗaya. Awo kaɗai ke tona shi. Akan ɗiga jinin yatsa a kan wata ƙaramar na'ura da safe kafin a karya kumallo. In ta nuna 126 ko fiye, watau 7.0 a ɗaya ma'aunin, sai a tura mutum asibiti a sāke aunawa, a tabbatar.

YAWANSA A ƘASAR NAN

Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 manya miliyan 589 ke ɗauke da shi, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. A Nijeriya, binciken ƙasa da aka yi a 1992 ya sami kashi 2.2 cikin 100. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi da abokan aikinsa, suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, suka sami kashi 5.77 cikin 100. Arewa maso Yamma ce ta fi ƙaranci, da kashi 3.

Kada wannan ya sa a saki jiki. A Sakkwato, Dakta Anas Sabir da abokan aikinsa sun buga bincike biyu, a 2011 da 2013. Cikin Fulanin ƙauye ba su sami ko mutum 1 cikin 100 mai sukari ba, cikin Fulanin birni kuwa kusan 5. Asali ɗaya ne, ci da zama ne suka bambanta. Kowa kuwa ya shaida zaman birni yana shigowa ƙauye. Inda dā ake tafiya kasuwa a ƙasa, yanzu babur ake hawa. Inda dā ake daka da niƙa da hannu, yanzu inji ne. Shayi mai sukari da burodi sun zama karin kumallo, lemon kwalba ya zama abin tarbar baƙo. Farar shinkafa, wadda dā sai ranar salla, ta yalwata tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa wajen Kadawa da Bunkure. Ci gaba ba laifi ba ne. Amma ya kamata a sani, masu sarauta da malaman ofis da attajirai, waɗanda aikinsu na zaune ne, suna cikin waɗanda ciwon kan fara sallama wa.

GIGIN TSUFA BA TSUFA KAƊAI BA NE

Kowa yana mantuwa. Mutum ya manta inda ya ajiye carbinsa, ko sunan baƙo ya kuɓuce masa sa'an nan ya dawo, wannan ba ciwo ba ne. Gigin tsufa daban yake. Mai shi yakan yi tambaya ɗaya sau biyar cikin sa'a guda. Ya ci abinci ya ce an hana shi. Ya ɓace a hanyar masallacin da ya yi shekara 50 yana zuwa. Ya kasa lissafin da dā yake yi da ka, ya rikice cikin raka'o'in salla, ya zargi iyalinsa da sata. Abin da ya faru yana yaro yana nan daram a ransa, abin da ya faru ɗazu kuwa ya shafe. A hankali abin ke ƙaruwa, shekara da shekaru, har ya kai ba ya gane 'ya'yan cikinsa.

Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba tsufa kaɗai ba ne, gama ga tsofaffi nan sun haura shekara 90 da hankalinsu garau. Ba kuma aikin iska ko sammu ba ne. Likitoci sun kasa shi iri iri, amma biyu suka fi yawa. Ɗaya ana kiransa da sunan Alois Alzheimer, likitan ƙasar Jamus wanda ya bayyana shi a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da shi, ya ga wani irin datti ya taru a cikinta. Ɗayan kuwa daga lalacewar hanyoyin jini na cikin kai yake zuwa. Sau da yawa akan sami biyun a kai ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. A Zariya, wani bincike da aka buga a 2011 ya duba tsofaffi 322, ya sami kusan 3 cikin 100 suna da shi.

SHAIDAR LIKITOCI

Magana ba ta tsayuwa sai da shaidu, to ga su.

Tun a 1922, shekarar da aka fara yi wa ɗan Adam allurar insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, waɗansu masana biyu a Boston ta Amurka, Miles da Root, suka jarraba masu ciwon sukari da lissafi da hadda, suka ga ba su kai lafiyayyu ba.

A Rotterdam ta ƙasar Holan aka bi mutum 6,370 masu shekara 55 zuwa sama. Da aka buga sakamakon a 1999, sai aka ga haɗarin gigin tsufa ga masu sukari ya kusa ninka na sauran. A garin Hisayama na ƙasar Japan aka bi tsofaffi 1,017 har shekara 15, abin da aka samu a 2011 kuwa ya yi kusa da na Holan.

Shaida ta gaba ta fi dacewa da malaman ofis, domin a kan irinsu aka yi ta. A Landan aka bi ma'aikatan gwamnati 10,095 fiye da shekara 30, aka buga sakamakon a 2021. Wanda sukari ya kama tun bai kai shekara 60 ba, haɗarinsa ya ninka na wanda ya kai 70 ba shi da ciwon. Wanda kuwa ya kamu yana gab da 70, bambancin kaɗan ne. Ashe daɗewar ciwon a jiki ita ce babbar ɓarna, kuma kowace shekara da aka jinkirta zuwansa riba ce.

Akwai kuma shaida daga gida. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, cikinsu har da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da na Indianapolis ta Amurka, suka gwama tsofaffin Yarabawa na Ibadan da tsofaffin baƙar fata na can. A 2001 suka ba da labari cewa cikin kowane 100, waɗanda ke kamuwa da gigin tsufa a shekara 1.35 ne a Ibadan, a Indianapolis kuwa 3.24. Suka kuma lura cewa sukari da hawan jini da kitsen jini sun fi ƙaranci ƙwarai a Ibadan.

Wannan bai nuna duk mai sukari zai ruɗe ba. Da yawa sukan tsufa da shi da hankalinsu cikakke, musamman masu kiyaye magani da abinci. Abin da shaidun suka haɗu a kai shi ne, ciwon yana buɗe ƙofa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

YADDA ƁARNAR KE AUKUWA

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cin wajen kashi 20 na makamashinsa. Ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata a take shi take ci. Saboda haka duk abin da ya taɓa jini ya taɓa ta.

Wanda ya taɓa ganin noman rani a Kadawa ya san ruwan Tiga ta babban kwalbati yake fitowa, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi, har ya isa kowane fangali. In ƙaramar hanya ta cushe, fangalin da ke ƙarshenta ya bushe, ko da babban kwalbati cike yake. Haka jini yake a kai. Sukari mai yawa yakan sa bangon ƙananan hanyoyin jini ya yi kauri, su ƙuntata, waɗansu su toshe. Kowace ta toshe, ɗan yankin ƙwaƙwalwar da take shayarwa ya mutu, mutum bai ko ji ba. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har tunani ya yi nauyi. In babbar hanya ce ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Sa'ad da likitoci suka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu, irin wannan ɓarna ce suka fi samu ga masu sukari. Ita ce kuma ɓarnar da ke kashe ido da ƙoda da ƙafa, don haka wanda sukari ya taɓa masa ido ko ƙoda, a lura da tunaninsa.

Ban da wannan, ita kanta ƙwaƙwalwa tana aiki da insulin wajen riƙe abin da aka koya, kuma an gano ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer ba ta amsa masa yadda ya kamata. Hawan jini da ƙiba da shan taba kuwa, in suka haɗu da sukari, sai ɓarnar ta daɗa sauri.

FAƊUWAR SUKARI

Kamar yadda hawan sukari ke ɓarna a hankali, faɗuwarsa tana yi farat ɗaya. Mai shan magani ko allura, in ya ƙi cin abinci, ko ya yi aikin ƙarfi, ko ya sha magani fiye da ƙima, sukarinsa yakan faɗi ƙasa da 70, watau 3.9. Sai gumi, da rawar jiki, da yunwa, da faɗuwar gaba, da magana barkatai, da faɗa ba dalili, daga nan sai suma. Sau da yawa akan ce iska ce ta buge shi, a tsaya turare, alhali ƙwaƙwalwarsa ce ke neman abinci. In yana iya haɗiya, a dama masa sukari ƙaramin cokali 3 ko 4 a ruwa, ko a ba shi rabin kwalbar lemo, in ya farfaɗo a ba shi abinci. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa, a garzaya da shi asibiti.

A Kalifoniya ta Amurka, wani bincike na 2009 ya bi tsofaffi masu sukari 16,667. Wanda faɗuwar sukari ta taɓa kaiwa asibiti sau ɗaya, haɗarin gigin tsufa ya ƙaru masa da kashi 26 cikin 100, wanda ta kai sau uku ko fiye kuwa, kusan ninki biyu. Abin kuma zagaye yake yi. Tsohon da ya fara mantuwa yakan sha magani ya manta, ya sāke sha, ko ya sha ya manta da abinci, sukari ya faɗi, mantuwa ta ƙaru.

Don haka ba a matsa wa tsoho da magani kamar saurayi. A 2008 aka tsai da wani sashe na babban gwaji a Amurka da Kanada, inda ake ƙoƙarin sauke sukari ƙasa ƙwarai da magunguna masu yawa, domin mutuwa ta fi yawa a wannan sashe, daga baya kuma aka ga tunaninsu bai fi na sauran ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma yi gargaɗi cewa ƙwayar glibenclamide ba ta dace da wanda ya wuce shekara 60 ba. Mai shanta kada ya bari da kansa, ya koma wurin likita a duba masa.

Watan azumi yana bukatar shiri. Mai sukari ya ga likita tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban a daidaita masa magani. In yana azumi awo ya nuna ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko alamun nan suka bayyana, lalle ya sha ruwa nan take. Tsohon da ya haɗa sukari da ruɗewa, likitoci ba su yarda ya yi azumi ba, shari'a kuwa ta yi wa marar lafiya rangwame, limamai su ne za su bayyana wa iyali hukuncin.

A kiyaye wannan ƙa'ida: ruɗewar da ta zo cikin yini ɗaya ko biyu ba gigin tsufa ba ce. Ko sukari ne, ko zazzaɓi, ko ciwon fitsari, ko shanyewar jiki, kuma ta gaggawa ce. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya sarƙe, kada a kwana a gida.

RIGAKAFI

Har yau babu maganin da ke warkar da gigin tsufa in ya kama. Amma a 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in an kawar da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon. Sukari yana ciki, tare da hawan jini, ƙiba, taba, giya, rashin motsa jiki, kurumta da raunin ido da ba a yi wa magani ba, buguwa a kai, kaɗaici, da ƙarancin ilmi tun yarinta. Yawancin maganinsu yana gida: a rage tuwo da shinkafa a ƙara miya da ganye, zogale da rama da kuka da wake, a sha fura da kunu ba sukari, a rage gishiri, a yi tafiyar ƙasa rabin sa'a kullum, mai babur ya sa hular kwano, a sa yara makaranta.

AIKIN HAKIMI DA MAGATAKARDA

1. Shugaba ya fara da kansa. In hakimi ya miƙa yatsa aka auna shi a gaban fada, dagatai ba za su noƙe ba, talakawa ma haka. Duk wanda ya kai shekara 40 ya auna sukari da hawan jini ko da yana jin garau. Mai ƙiba, da wanda ciwon ke cikin danginsu, su riƙa yi kowace shekara.

2. Hakimi ya nemi sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma a tsai da ranar awo, ranar kasuwa ko bayan Juma'a, a yi shela, limamai su ambata. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, ta kuwa zo daidai da kaka, sa'ad da jama'a ke da ɗan abin hannu. Kada a manta da matan da ke cikin gida, a nemi ma'aikaciya mace ta shiga wurinsu.

3. Mai unguwa ya tabbata kowane tsoho mai sukari yana da mutum ɗaya a gida wanda ke riƙe da maganinsa, ya ba shi da hannunsa, ya ga ya ci abinci, ya raka shi asibiti da katinsa. In iyali sun ga alamun mantuwa, su gaya wa likita, kada kunya ta hana. Wani abin da ke kama da gigin tsufa yana warkewa, kamar ciwon damuwa, da ƙarancin bitamin B12 wanda daɗewa ana shan metformin kan jawo.

4. Magatakarda ya zagaya tare da dagaci ya rubuta abin da dattawa suka sani tun suna da hankalinsu: iyakokin gonaki, aro, jingina, burtali, bashi, amana, da shan nono. A rubuta da boko ko da ajami, a sa kwanan wata da sunayen shaidu, a karanta wa dattijo ya ji ya amince, a ajiye ɗaya wurin dagaci, ɗaya a ofishin hakimi. Wannan aiki ba ya jiran sai wani ya yi ciwo.

5. In alamun ruɗewa sun bayyana ga mutum, kada a yi hanzarin karɓar dangwalen yatsansa a kan sayar da gona ko kyauta ko yafe bashi. A kai shi likita ya duba, sa'an nan a kai magana gaban alƙali, wanda shi ke da ikon sa masa waliyyi. Amma kada a ƙi shaidar mutum don kawai yana da sukari, wannan ma zalunci ne.

6. A kare mutuncin mai ciwon. Kada a ɗaure shi, kada a kulle shi shi kaɗai, kada a bar yara su yi masa ele. Tsohuwar da ta fita da dare tana surutai ba mayya ba ce, marar lafiya ce, dagaci ya tsawata wa mai faɗin haka. A sa wa mai fita yawo takarda a aljihu da sunansa da garinsu, a rufe rijiya, a nisanta shi da wuta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2023, ta tabbatar wa masu irin wannan lalura haƙƙinsu.

7. A kula da masu jinya, galibi mata da 'ya'ya mata, domin aikin dare da rana ne. Dangi su riƙa karɓarsu, masu hali su tuna da irin wannan gida wajen zakka da sadaka.

8. A yi hattara da masu tallar magani a kasuwa da ke cewa suna tumɓuke sukari daga saiwarsa. Wanda ya bar maganin asibiti ya bi su, kansa ya cuta.

9. Hanyar neman magani ita ce daga asibitin gari zuwa Babban Asibitin Rano. In abin ya fi ƙarfinsu, sukan tura Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko kuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

A koma ga dattijon can na misali. Da an tsaya masa kan maganinsa tun shekara 12 da suka wuce, mai yiwuwa ne da yau yana nan da hankalinsa. Da kuma magatakarda ya rubuta maganar tsamiya tun yana garau, da ko ciwo ya zo, iyaka tana nan a littafi, jikoki ba su je gaban alƙali ba, ba kuma wanda ya kira shi maƙaryaci. Na farko aikin likita ne da iyali, na biyu aikin fada ne, duka biyun kuwa shugaba ne zai tsaya a yi su.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa a tsufa da hankali da mutunci, ya taimaki iyayen ƙasa bisa riƙon amanar jama'a. Amin.